Gwajin Jini Kan Korona: Abin Da Za A Yi Da Wanda Ba Za A Yi Ba

Duk wanda zazzaɓi ya taɓa kai shi ɗakin gwaji a Kano, ko Zariya, ko Maraɗi, ya san maganar da aka fi fitowa da ita: "Maleriya ce da taifod." A ɗebi jini, a rubuta lambobi, a miƙa maka takarda, ka wuce kemis. Gwajin da ake dogara da shi wajen cewa taifod ce shi ne na Widal, wanda wani likitan Faransa mai wannan suna ya fito da shi tun 1896. Gwajin nan ba ya ganin ƙwayar taifod ko ɗaya. Martanin da jiki ya mayar mata yake gani, kuma martanin yana iya zama na bara, ko na bara waccan. Ta haka ake ɗora wa mutanen da ba su da taifod magunguna masu ƙarfi, a bar ainihin ciwon da ke cinsu.

Da korona ta ɓulla a Wuhan ta ƙasar Sin a ƙarshen 2019, aka tabbatar da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, ta shiga Yamai a watan Maris, wannan kuskuren aka sake tafkawa, mu da manyan ƙasashen duniya baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan cutar ranar 5 ga Mayun 2023, amma ƙwayar tana nan tana yawo, danginta ma suna nan. Don haka ƙa'idojin da ke tafe ba su tsufa ba.

Kafin a shiga cikinsu, sai an gane abu guda. Idan ƙwayar korona ta shiga ta hanci ko maƙogwaro, tana hayayyafa cikin gaggawa. Garkuwar jiki kuma sai ta nazarci siffarta, ta ƙera wasu sinadarai da suka dace da ita kamar yadda makulli ke dacewa da kwaɗonsa. Su ne likitoci ke kira antibodi. Iri uku aka fi magana a kansu: IgM, da IgG wanda ya fi daɗewa a jini, da IgA wanda ke tsaron hanci da baki, ake kuma samunsa a nonon uwa. Ƙera su na cin lokaci, yawanci mako ɗaya zuwa uku bayan alamun ciwo sun bayyana.

Saboda haka gwajin korona gida biyu ne. Akwai mai neman ɓarawon kansa: gwajin PCR da gwajin antijin, waɗanda ake ɗaukar majina daga hanci da tsinken auduga. Akwai mai neman sawun ɓarawo: gwajin antibodi, wanda ake yi da jini. Sawu na tabbatar da an shigo gidan. Ba ya faɗin ko ɓarawon na ciki yanzu. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya samo tushe.

ABIN DA BA ZA A YI BA

1. Kada a gwada jinin wanda ya kwanta jiya ko shekaranjiya don a gano ko korona ce.

A makon farko jiki bai gama ƙera antibodi ba, ba a kuma ganin abin da bai samu ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitoci tana tacewa, ta fitar da nazari a Yunin 2020. Cikin masu ɗauke da cutar tabbas, gwajin jini ya gano kimanin kashi 30 cikin 100 kacal a kwana bakwai na farko. A mako na biyu ya kai wajen kashi 70. Sai a mako na uku ya haura kashi 90. Wato cikin majinyata goma da aka gwada a makon farko, bakwai za a sallame su da albishir na ƙarya. Tun ranar 8 ga Afrilun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta ba da shawarar a dogara da gwajin jini na gaggawa wajen kula da majinyaci ba. Ma'aikacin lafiyar da ya karɓi kuɗin mai tari da zazzaɓi na kwana uku ya yi masa wannan gwaji ya ci amanarsa.

2. Kada ka ɗauki sakamakon "babu" a matsayin izinin shiga jama'a.

Lokacin da mai korona ya fi yaɗa ta shi ne dab da bayyanar alamu da kwanakin farko na ciwon. Wannan shi ne daidai lokacin da jininsa bai nuna komai ba. Sai mutum ya fito daga ɗakin gwaji da takarda a aljihu, ya shiga sahu a masallaci, ya je gaisuwar mutuwa, ya zauna gefen gadon tsohuwarsa mai ciwon sukari da hawan jini. Takardar ba ta kare kowa ba. Idan kana tari, jikinka da zafi, ka daina jin ƙamshi ko ɗanɗano, to ka nisanci tsofaffi da masu ciwon da ya daɗe, ko me takardar jini ta ce.

3. Kada ka ɗauki sakamakon "akwai" a matsayin cewa cutar na jikinka yanzu.

IgG na zama a jini watanni bayan an warke. Binciken da aka yi a ƙasar Aisilan kan mutane sama da dubu 30, wanda ya fito a Satumbar 2020, ya nuna bai ragu ba har wata huɗu bayan kamuwa. Mutanenmu sun saba da gwajin ƙanjamau, inda ganin antibodi ke nufin ƙwayar na nan, domin ita ba ta barin jiki. Korona ba haka take ba: tana tafiya ta bar sawu. Saboda haka kada a killace mutum, kada a hana shi aiki, kada a mayar da ɗalibi gida, kada a hana matafiyi wucewa saboda wannan sakamako kaɗai.

Akwai haɗarin da ya fi wannan. Yau mafi yawan mutane sun taɓa haɗuwa da korona ko rigakafinta, jininsu zai nuna "akwai" ko da wane ciwo suka zo. Idan aka ga haka aka tsaya, za a bar maleriya, ko ciwon huhu, ko tarin fuka, ko zazzaɓin Lassa, ko sanƙarau, suna cin mutum ana kiran sunan korona. Mai zazzaɓi a ƙasashenmu sai an duba masa maleriya, ko me aka gani a wani gwajin.

4. Kada a yanke hukunci da layin IgM na farantin gwaji shi kaɗai.

An koya wa ɗaliban kiwon lafiya cewa IgM ne ke fara fitowa, IgG ya biyo baya, don haka IgM na nufin sabon kamu. A wasu cututtuka haka ne. Korona ba ta tsaya kan wannan tsari ba. Likitocin birnin Chongqing na ƙasar Sin sun bi majinyata 285 a farkon 2020, suka ga wasu IgM ne ya riga fitowa, wasu IgG, wasu kuma tare suka fito. Dukkansu IgG ya bayyana cikin kwana 19 da fara ciwo. Bugu da ƙari, IgM ne ya fi saurin ruɗuwa da wasu abubuwan da ke cikin jini, kamar sinadarin da ake samu a masu wani nau'in ciwon gaɓoɓi. Mai duba ɗan layin IgM ya ce "kwana biyar ke nan da ka kamu" yana faɗin abin da gwajin bai gaya masa ba.

5. Kada ka mayar da takardar gwaji layar kariya.

A 2020 wasu ƙasashe sun yi tunanin ba waɗanda jininsu ya nuna antibodi takardar shaida, su koma aiki da tafiye-tafiye. Ranar 24 ga Afrilun shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta gargaɗe su cewa babu hujjar da ke nuna wanda ya warke ba zai sake kamuwa ba. A watan Agusta aka tabbatar da wani ɗan shekara 33 a Hong Kong ya sake kamuwa, wata huɗu da rabi bayan karon farko. Da nau'in Omikron ya bayyana a kudancin Afirka a Nuwamban 2021, sake kamuwa ya zama ruwan dare.

Dalilin a fili yake. Ba kowane antibodi ke hana ƙwayar shiga cikin ƙwayoyin jiki ba. Wasu manne mata kawai suke yi ba tare da sun dakatar da ita ba, kuma gwajin da ake yi a ɗakunan gwaji na gari ba ya rarrabe su. Sannan ƙwayar na sauya kamanni, makullin da aka ƙera wa tsohon kwaɗo ya daina shiga sabo. Har magungunan antibodi da kamfanoni suka ƙera da maƙudan kuɗi, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta dakatar da amfani da biyu daga cikinsu a Janairun 2022 saboda sun daina tasiri kan Omikron. Kamuwar baya da rigakafi na rage haɗarin ciwo mai tsanani, wannan gaskiya ne. Amma takardar jini ba ta da ikon yi maka alkawarin ba za ka sake kamuwa ba.

6. Kada ka auna ingancin rigakafi da gwajin da ba ka san abin da yake nema ba.

Ƙwayar korona na da sassa da dama, biyu daga ciki ne gwaje-gwaje ke dogara da su. Akwai ƙayar da ke jikinta ta waje, wadda take maƙalewa da ita, ana yi mata alama da harafin S. Akwai kuma furotin na ciki da ke naɗe da ƙwayar halittarta, ana yi masa alama da N. Rigakafin AstraZeneca, da Pfizer, da Moderna, da Johnson & Johnson, siffar ƙayar kawai suke koya wa jiki. Wanda aka yi wa ɗayansu bai kuma taɓa kamuwa ba, gwajin N zai nuna "babu" ko da rigakafin ya yi aikinsa sarai. Najeriya da AstraZeneca ta fara a Maris ɗin 2021. Nijar kuwa a watan ta fara da Sinopharm, wanda aka yi da ƙwayar gaba ɗayanta bayan an kashe ta, don haka yana iya haifar da antibodi na S da na N duka. Ka ga mutum biyu, ɗaya daga Katsina ɗaya daga Maraɗi, kowa an yi masa allura, gwaji ɗaya zai iya ba su amsa daban. A Mayun 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta fito fili ta ce kada a yi amfani da gwajin antibodi wajen auna kariyar da rigakafi ya bayar. Kada wani ya ɗaga takarda a majalisa yana cewa allurar ruwa ce aka yi masa. Kada kuma wanda likita ya ce ya yi rigakafi ya ƙi saboda jininsa ya nuna "akwai".

7. Kada ka sayi kayan gwaji a hannun wanda ba ka san inda ya samo su ba.

Araha ba ta ado. A farkon 2020 gwamnatin Birtaniya ta yi odar miliyoyin kayan gwajin jini na gaggawa, da masanan Jami'ar Oxford suka gwada su a watan Afrilu sai suka ga ba su kai ma'aunin da ake bukata ba. A watan ne hukumar binciken lafiya ta Indiya ta umarci jihohi su daina amfani da waɗanda aka shigo da su daga wasu kamfanoni biyu. Amurka ta buɗe ƙofa a watan Maris ana sayarwa ba tare da tantancewa ba, kasuwa ta cika da tarkace, dole ranar 4 ga Mayu ta tsaurara doka. Idan ƙasashe masu manyan ɗakunan bincike sun faɗa wannan rami, ina ga mai saye a tebur a bakin kasuwa? Abin da babu lambar rajistar NAFDAC a Najeriya, ko amincewar ma'aikatar lafiya a Nijar, kada ya taɓa yatsanka.

8. Kada a ɗauka gwajin da ya yi kyau a Turai zai yi kyau a nan.

Kama da wane ba ta wane. Jinin mutumin da ya tashi cikin sauro cike yake da antibodi iri-iri, wasunsu na iya manne wa abin da ke cikin kayan gwaji su ba da amsar ƙarya. An gwada wannan da jinin 'yan Najeriya da aka ɗiba aka ajiye tun 2018, kafin duniya ta san da korona. Duk "akwai" da za a gani a irin wannan jini ƙarya ce tsagwaronta. Wani gwaji na babban kamfani ya nuna ta a kimanin kashi 6 cikin 100, wani kuma a kusan kashi 18, masu binciken kuma sun ga alaƙar hakan da sawun maleriya a jinin. Ban da wannan, akwai dangin korona guda huɗu da suka daɗe suna sa mutane mura, kusan kowane baligi ya taɓa haɗuwa da su. Alƙaluman da kamfani ya buga a jikin kwali na inda aka gwada ne. Namu sai an gwada a kan jininmu.

9. Kada a nemi jinin wanda ya warke don a yi magani da shi.

Tunanin tsoho ne, a farkon annobar kuma an sa masa rai: a ɗebi ruwan jinin wanda ya warke a ƙara wa majinyaci. Babban gwajin da aka yi a asibitocin Birtaniya mai suna RECOVERY ya haɗa majinyata sama da dubu 11, bai ga hakan ya rage mace-mace ba. A Disambar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a yi wa masu ciwo marar tsanani. Ƙarin jini ba wasa ba ne: yana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau idan ba a tace ba. Duk inda za a yi shi, sai a asibiti, bisa hukuncin ƙwararren likita.

ABIN DA ZA A YI

1. Ka riƙe ranar da ciwo ya fara.

Wannan shi ne abu mafi tsada da za ka kai wa likita, kuma kyauta ne. "Kwana biyu ke nan ba na jin daɗi" a bakinmu na iya nufin kwana biyu, na iya nufin wata guda. Ka faɗi ranar: Talatar da ta wuce, washegarin Juma'a, ranar kasuwar garinku. Da wannan ƙidayar ake zaɓen gwajin da ya dace, da ita kuma ake fassara sakamakon. Ka haɗa da ranar da aka yi maka rigakafi da sunansa. Katin rigakafi a adana shi kamar takardar fili.

2. Ka yi tambaya kafin ka miƙa hannu.

Matambayi ba ya ɓata. Tambaya uku ce, kada ka ji nauyin yin su. Wannan gwajin ƙwayar cutar yake nema ko martanin jiki? In martanin jiki ne, na S ne ko na N? Sakamakon zai sauya wani abu a maganin da za a ba ni? Idan amsar ta ƙarshe "a'a" ce, ka mayar da kuɗinka aljihu. Idan mai gwajin ya kasa amsa ta farko, ka nemi wani wurin.

3. A makon farko, a nemi ƙwayar a hanci.

PCR shi ne ya fi kaifin gani, domin yana ninka ƙwayar halittar cutar har sai ta bayyana. Gwajin antijin kuwa yana ba da amsa cikin minti 15 zuwa 30, ya fi aiki a kwana biyar zuwa bakwai na farko lokacin da ƙwayar ke da yawa. Idan ya nuna "babu" alhali alamu na nan, a sake bayan kwana biyu, ko a tafi ga PCR. A kula da kamannin kaya: farantin gwajin antijin da na antibodi kusan iri ɗaya ne a ido. Abin da ke raba su shi ne abin da aka ɗiga. Majina daga hanci, ana neman ƙwaya. Jini daga yatsa, ana neman sawu.

4. A yi gwajin jini a inda yake da amfani.

Ba a hana shi gaba ɗaya ba, wurinsa aka nuna masa. Wuri na farko: majinyacin da ya zo a makare, bayan mako biyu ko uku, numfashi na ba shi wuya, PCR bai nuna komai ba domin ƙwayar ta ragu a hanci. A nan jini na iya taimaka wa likita. Wuri na biyu: yaron da ya zo da zazzaɓi mai naci, jan ido, ƙuraje, ciwon ciki ko raunin zuciya, makonni biyu zuwa shida bayan korona ta ratsa gidansu. Likitocin yara a Birtaniya ne suka fara ankarar da duniya wannan a Afrilun 2020. A irin waɗannan yara sau da yawa ƙwayar ta riga ta tafi, sawunta ne ke nuna hanya. Uwar da ta ga haka ta garzaya asibiti, kada ta tsaya kemis.

Idan ana son tabbatar da sabon kamu ta hanyar jini, sau biyu ake ɗiba, tsakaninsu mako biyu zuwa huɗu. In na farko babu, na biyu akwai, ko kuma adadin ya ninka sau huɗu, to hujja ta samu. Ita ce ƙa'idar da ya kamata a bi a gwajin Widal ma, aka yi watsi da ita.

5. A yi lissafi kafin a gaskata sakamako.

Ɗauki gari mai mutum 2,000, a ce 100 daga cikinsu sun taɓa kamuwa. A kawo gwajin da ke gano 90 cikin kowane 100 da suka kamu, yana kuma yin kuskure a kan 5 cikin kowane 100 da ba su kamu ba. A ido gwaji ne mai kyau. Cikin 100 ɗin nan zai gano 90. Cikin sauran 1,900 zai ɗora wa 95 abin da ba su da shi. Mutum 185 ke nan za su fito da "akwai", fiye da rabinsu kuma ƙarya ce. Darasin shi ne, duk inda cuta ba ta yaɗu sosai ba, sakamakon "akwai" na bukatar shaida ta biyu. A sake gwadawa da wani gwaji na daban, wanda ke neman wani sashen ƙwayar.

6. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya riƙe amanar aikinsa.

Yawancin kayan gwajin gaggawa an rubuta a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 30. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri da Agadas na wuce 40, shagon kwano kuma ya fi haka. Kwalin da ya yi wata guda a irin wannan ɗaki ya tashi daga aiki. Ka duba ranar lalacewa. Ka ɗiga adadin jinin da aka rubuta da ruwan da ya zo tare da kwalin, ba na wani ba. Ka sa agogo, ka karanta a mintin da kamfani ya ƙayyade, domin layin da ya fito bayan lokaci ya wuce ba shaida ba ne. Idan layin C, wanda ke nuna gwajin ya yi aiki, bai fito ba, gwajin ya ɓaci, a jefar a sake. A takardar sakamako ka rubuta sunan gwajin da abin da yake nema. Sannan ka rufa wa majinyaci asiri: sakamakonsa ba labarin majalisa ba ne.

7. A ba masu raunin garkuwa kulawa ta musamman.

Mai shan maganin kansa, wanda aka yi wa dashen ƙoda, mai ƙanjamau da ya yi nisa ba magani, tsoho tukuf, duk jikinsu na iya jinkirin ƙera antibodi ko ya ƙera kaɗan. Haka wanda cutar ta ratsa shi ba tare da ya ji komai ba: wani binciken a yankin Chongqing kan irin waɗannan mutane 37 ya nuna kashi 40 cikin 100 IgG ɗinsu ya ɓace cikin kimanin wata biyu da barin asibiti. Garkuwa kuma ba antibodi kaɗai ba ce, akwai fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T, waɗanda gwajin gari ba ya ganinsu. Misalin wannan a gida yake. Cutar MERS, 'yar'uwar korona da aka gano a Saudiyya a 2012, raƙuma ne ke ɗauke da ita. A 2015 an gwada jinin raƙuman da ake yankawa a abbatuwar Kano, fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗauke da sawunta. Da aka gwada mahautan ba a ga antibodi a jininsu ba. Amma da aka koma aka duba ƙwayoyin T na 61 daga masu hulɗa da raƙuman, 18 sun nuna jikinsu ya san ƙwayar. Rashin ganin sawu ba ya tabbatar da ba a shigo ba.

8. A ba masu binciken al'umma haɗin kai.

Babban amfanin gwajin antibodi shi ne auna yadda cuta ta ratsa gari, ba yanke wa mutum ɗaya hukunci ba. A Satumba da Oktoban 2020 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta NCDC da cibiyar binciken lafiya ta Najeriya da ke Yaba sun bi gidaje a jihohi huɗu. Sun samu sawun korona a kashi 23 cikin 100 na mutanen Legas da Inugu, kashi 19 a Nasarawa, kashi 9 a Gombe. A lokacin, waɗanda aka tabbatar sun kamu a ƙasar baki ɗaya ba su kai dubu 70 ba. Wato miliyoyi sun kamu ba wanda ya ƙirga su. Kano ta ɗanɗana rashin gwaji a kan lokaci: bayan mace-macen Afrilun 2020, Ministan Lafiya na wancan zamani, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa mutum 979 ne suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa korona ce sanadi. Da tambayar iyalan mamata aka kai ga wannan adadi, domin an riga an binne su ba a gwada ba. Idan ma'aikatan hukuma suka zo da shaidarsu ta hannun mai unguwa ko dagaci, a saurare su, a yi musu tambaya, wanda ya gamsu ya ba da jininsa. Da irin wannan ƙidayar ake sanin inda za a kai iskar numfashi da gadaje da rigakafi.

Ɗan'uwa mai karatu, rashin sani ya fi dare duhu, amma sanin rabi ya fi shi haɗari, domin mai shi yana tafe da takarda a hannu yana ganin ya tsira. Cikin shekara ashirin dangin korona sun fito wa duniya sau uku: SARS a 2002, MERS a 2012, sai ta 2019. Duk ranar da wata ta sake fitowa, masu kwalaye za su riga likitoci isowa kasuwa. Ka riƙe wannan, ka koya wa iyalinka: mai ciwon yau a duba hancinsa, mai neman labarin jiya a duba jininsa, sakamako kuma kowane iri ne a kai wa likita ya karanta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu da zuri'armu.